Yadda Ƙaramar Bas Take Gwada Kanta

A cikin ƙaramar bas ta zamani akwai wata 'yar kwamfuta mai lura da inji. Tun 1996 doka ta wajabta sa ta a ƙananan motocin Amurka. Idan wani abu ya lalace, sai ta kunna fitila a gaban direba.

In makanike ya gama gyara ya kashe fitilar, kwamfuta takan manta abin da ta gani. Tilas a fita da motar ta sake gwaji.

Galibi ga yadda ake yi. A bar mota ta kwana, inji ya huce sarai. Da safe direba ya tayar, ya jira minti 3. Sa'an nan ya hau babbar hanya, ya riƙe gudun kilomita 90 a awa. Can ya ɗaga ƙafa daga totur, mota ta rage gudu da kanta. Daga bisani ya zaga gari, yana tsayawa yana tashi.

In fitila ta sake kamawa, da sauran gyara. Direban da ya ɗebi fasinja bai gwada ba, ya yiwu su kwana a daji.