Darasi na 14: Kayen Sani

Ran Litinin da safe, malam ya ce kowa ya fiddo kayensa na lissafi. Sani ya fiddo nasa yana ɓoyewa. Kayen ya rame kamar akuyar rani. Takarda bakwai kaɗai suka rage, ga shi ko wata biyu ba a yi da komawa lakol ba.

— Sani, ina sauran takardun?

— Malam, na yage su. Wasu na yi jirgi da su, wasu na ƙunshe ƙosai.

Yara suka fashe da dariya. Sani ya sunkuyar da kai. Ya tuna ranar kasuwa, lokacin da babansa ya sayar da tiyar gero ya sayo masa kayen nan.

Malam ya ɗaga takarda guda, ya ce:

— Da itace ake yin wannan. Ana sare itace, a ɓare ɓawonsa, a daddatsa shi ƙanana. Sai a dafa shi da ruwa mai yawa har ya zama kamar kunu. A shimfiɗa kunun, a matse, a busar. Daga ƙasashe masu nisa ake kawo mana ita, a jirgin ruwa, sannan a manyan motoci.

Hadiza ta ɗaga hannu:

— Malam, ashe ba gawon gonarmu ake sarewa ba?

— A'a, Hadiza, itatuwan can ne. Amma su ma sai sun yi shekaru kafin su girma. Ki dubi dogon yaron da muka shuka bara ran 3 ga Agusta, ranar da ake shuka itatuwa a Nijar tun 1975. Kullum muna ba shi ruwa, har yanzu bai isa ba da inuwa ba.

Daga ranar nan ƴan ajin suka riƙa gwada lissafi a kan allo tukuna, kafin su rubuta cikin kaye. Kowace takarda kuma gaba da baya ake cika ta.

Da yamma Sani ya tattara tsofaffin kayensa na bara. Ya cire takardun da ba a rubuta ba, ya samu 23. Innarsa ta ba shi allura da zare, ya ɗinke su.

Tambayoyi
1. Me Sani ya yi da takardun kayensa?
2. Da me ake yin takarda?
3. Takarda nawa Sani yake da su yanzu gaba ɗaya?

Aiki
Ka ƙirga takardun da suka rage cikin kayenka. Za su kai ka hutu?