Amsoshin Tambayoyinku: Na Ga Tsutsa A Salak Ɗin Leda, Anya Wankakke Ne?

Tambaya: Ni ma'aikaciya ce, ina zaune a Gwarimpa. Saboda ƙarancin lokaci nakan sayi haɗin salak na leda a babban kanti, irin wanda ake rubuta cewa an riga an wanke, sai ci kawai. Ranar nan ina juye ragowar a faranti sai ga koriyar tsutsa tana motsi a cikin latas, alhali yarana sun riga sun ci rabi. Tun daga ranar hankalina bai kwanta ba. Akwai abin da zai same su? Kuma wankin nan da suke faɗa gaskiya ne, ko in riƙa sake wankewa? Daga wata uwa, Gwarimpa, Abuja.

Amsa: Ki kwantar da hankalinki game da tsutsar. Koriyar tsutsar da ake samu a latas da kabeji ƙwaron gona ce, daga ƙwan malam-buɗe-littafi da danginsa take ƙyanƙyashewa, ganye take ci, kuma ba ta iya rayuwa a cikin mutum. Ko da yaro ya haɗiye ta bai sani ba, ciki zai narkar da ita kamar sauran abinci. Ba ta da dangantaka da tsutsar ciki da ake ba yara magani dominta. Ta fuskar addini ma, malaman fiƙihu sun bayyana cewa ƙwaron da ba shi da jini mai gudana ba ya najasta abinci. Ƙyama ce ta kama ki, kuma kina da gaskiya, domin kuɗinki kika biya a kan an wanke.

Duk da haka ki sa ido a kan yaran. Idan gudawa ko amai ko zazzaɓi ya taso cikin kwana goman da suka biyo baya, ki fara ba su ruwan gishiri da sukari, ki kai su asibiti, ki gaya wa likita abin da suka ci. Idan kika ga jini a bayan gida, ko yaro ya rage fitsari, kada ki jira gari ya waye. Taifot kuwa yakan ɗauki mako ɗaya zuwa uku kafin ya bayyana. Ba tsutsar ce za ta jawo waɗannan ba. Abin da ke jawo su ido ba ya ganinsa, kuma a nan ne tambayarki ta biyu take da nauyi.

A masana'antun da suka amsa sunansu, ana yanka ganyen, a zuba shi cikin ruwan sanyi mai ɗan sinadarin kulorin, a tsane shi da inji, sannan a rufe a leda. Mutane da yawa suna zaton kulorin ɗin yana kashe duk abin da ke jikin ganye. Babban aikinsa shi ne tsare ruwan wankin kansa, don kada ganye ɗaya mai cuta ya shafa wa dubu. Wankin yana rage ƙwayoyin cuta sosai, amma ba ya ƙarar da su, saboda suna maƙalewa a lungunan ganye da bakin wurin da wuƙa ta yanka. Wannan a inda ake da inji da ma'auni ke nan. Ledojin da ke kantunanmu kuwa ba duka ne daga irin wannan wuri suke fitowa ba. Wani a bayan kantin ake yankawa a ɗaure, kuma rubutun da ke jikin ledar ba ya gaya miki da wane ruwa aka wanke, ko sau nawa aka canza shi.

Ki dubi doguwar tafiyar da ganyen yake yi kafin ya iso hannunki. Yawancin kabeji da karas da latas da ake ci a Abuja daga Filato da lambunan noman rani na Arewa ake kawo su, a sauke a manyan kasuwanni irin su kasuwar Orange da ke Mararaba, daga nan su bazu zuwa Wuse da Utako da Garki. Ki tsaya minti biyar gaban mai kayan lambu da rana tsaka. Za ki ga bokiti a gefensa, yana tsoma hannu yana yayyafa wa latas ruwa don kada ya yi yaushi, da hannun da ya karɓi kuɗi yanzun nan, kuma ruwan tun safe yake nan har ya canza launi. Ba mugunta yake yi ba, jarinsa yake karewa daga rana. Kafin kasuwa kuma akwai lambu. Wanda ya san Kano ya san lambunan da ke bakin Jakara, inda aka daɗe ana ban ruwa da abin da ya gangaro daga lambatun birni, kuma 'yan lambu da dama suna zuba ɗanyen kashin kaji a matsayin taki. Ta irin wannan hanya ƙwan tsutsar ciki da ƙwayoyin taifot da na atini suke hawa ganye. Ƙwan tsutsar ciki yana da danƙo da taurin ɓawo, kulorin ba ya yi masa komai, sai dai a cuɗa a ɗauraye shi ya fita.

Kada ki ɗauka matsalar tamu ce mu kaɗai. A 2006 alayyahun leda da aka wanke aka rufe a Kalifoniya ya kwantar da mutum wajen 200 a Amurka da ƙwayar E. coli, uku suka rasu. A 2018 latas daga yankin Yuma na jihar Arizona ya kwantar da mutum 210, biyar suka mutu, kuma masu bincike sun gano irin ƙwayar a ruwan magudanar da ake ban ruwa da ita. Ganyen da ya jawo wannan ɓarna fes yake a ido. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa gurɓataccen abinci yana sa mutum miliyan 91 rashin lafiya a Afirka duk shekara, 137,000 kuma suna mutuwa. Mu da muka ga kwalarar 2021, wadda ta ci rayuka fiye da 3,000 a Najeriya, mun san ba labarin nesa ba ne.

Abin da ya fi damuna game da ledar a garin nan shi ne sanyi. Ganyen da aka yanka yana zubar da ruwan jikinsa a cikin leda, wannan ruwan kuma abinci ne ga ƙwayoyin cuta. Masu bincike a Jami'ar Leicester ta Ingila sun nuna a 2016 cewa ɗan ruwan ganyen nan yana ƙara wa ƙwayar Salmonella yawa, yana kuma taimaka mata ta manne a jikin ganye da ledar, har a cikin firij. Ƙa'ida ita ce a riƙe shi a sanyin da bai wuce digiri 5 ba, daga inda aka yanka har bakin mai ci. To wa zai ba ki tabbacin haka a nan? A ɗauke wuta, janareta ya yi jinkiri, motar kaya ta tsaya a rana, ke ma ki saka ledar a but ɗin mota ki shiga cunkoson hanyar Kubwa a watan Maris, zafi ya haura digiri 35. Ranar lalacewa da aka buga a jikin leda an ƙirga ta ne bisa cewa sanyi bai taɓa yankewa ba.

Hukumomin abinci a Amurka suna cewa ba sai an sake wanke irin wannan salak ba, hujjarsu kuwa ita ce wurin wanke-wanken gida yana iya ƙara masa datti. Hujjar tana da ƙarfi a inda ake bin masana'anta da awo. A Abuja ni shawarata ki sake wankewa, amma ki yi shi da kyau, in ba haka ba gara ki bari. Ki fara da hannunki, da sabulu. Ki samu roba mai tsabta wadda ba a wanke ɗanyen nama ko kaza a ciki ba. Ki jiƙa ganyen cikin ruwan gishiri na 'yan mintoci, nan ne za ki ga tsutsa da ƙananan ƙwari sun saki ganye sun taso, ƙasa kuma ta kwanta. Ɗan ruwan khal yana taimakawa. Sai ki tsame ganyen da hannu, kada ki tuttule ruwan ta kansa, ki bi shi ɗaya bayan ɗaya kina murza gaba da baya, musamman gindin da ƙasa ke taruwa. Ɗauraya ta ƙarshe ki yi ta da ruwan da za ki iya ba yaranki su sha. Kada ki sa omo ko sabulu. Ki tsane shi a kwando, a ci a lokacin.

Akwai ledar da wanki ba zai cece ta ba. Idan ta kumbura, ko ruwa ya taru a ƙasanta, ko bakin ganyen ya yi baƙi yana yauƙi, ko kika buɗe kika ji tsami, ki zubar. A kanti ma ki taɓa ki ji, in ba ta da sanyi ki mayar.

Za ki ji masu cewa ganin tsutsa alheri ne, wai alamar ba a fesa magani ba. Ba hujja ba ce, domin ana fesawa tsutsa ta tsira. Sai dai maganar ta taɓo gaskiya guda: tsoron ƙwaro yakan kai mu ga abin da ya fi ƙwaro illa. Don gudun ƙwaron wake wasu 'yan kasuwa suke zuba fiya-fiya a buhu, har Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015 saboda yawan sinadarin da aka samu a ciki. Waken da ƙwaro ya huda ana tsincewa a shanya a ci lafiya, wanda aka zuba wa guba kuwa sumul yake.

Game da kantin, kada ki yi shiru. Ki ɗauki hoto, ki ajiye ledar da rasit, ki koma ki nemi manaja cikin mutunci, ki tambaye shi wa ke kawo musu kayan da kuma yadda ake wankewa. In suka yi miki kunnen uwar shegu, hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC tana karɓar koke, haka ma NAFDAC da hedikwatarta ke Wuse Zone 7. Yawan koke ne yake sa kanti ya matsa wa mai kawo masa kaya.

Idan da hali, ki sayi latas da kabeji ɗungurungum ba yankakke ba, ki ɓare ganyen waje ki yar, ki yanka da kanki lokacin da za a ci. Ya fi araha, ya fi daɗewa, minti goma ne bambancin. Mai ciki da ƙaramin yaro da tsoho da mai jinya kuwa, a bar musu salak ɗin leda gaba ɗaya, a sulala musu kabeji da karas, ko a yi musu kwaɗon dafaffen zogale. Allah Ya raya miki zuri'a, Ya ƙara lafiya.