Ɗakin gwajin waya a cikin laftop

Aikina haɗa wayoyin ofis ne, irin waɗanda yanzu suke bin igiyar intanet maimakon tsohon layin NITEL. Idan na zo gida Jahun, tambayar da matasa masu karatun kwamfuta suka fi yi mini ita ce ta takardar shaidar Cisco a fannin murya: ta ina ake kama ta? Yawanci mai tambayar ya riga ya yanke wa kansa hukunci. Wai sai ya tara kuɗin rauta biyu da suwic da wayoyin tebur, ko kuma sai ya koma Kano ko Abuja. Da wannan lissafin shekara take wucewa bai taɓa komai ba.

A fara sanin abin da ake nema. Littattafan da ake tura wa juna a WhatsApp yawancinsu na CCNA Voice ne, jarrabawar da Cisco ya janye tun 2015. Wadda ta gaje ta, CCNA Collaboration, ita ma ta kau a watan Fabrairun 2020. A lokacin ne aka haɗe CCNA ta zama guda ɗaya, mai lamba 200-301, kuma mai son fannin murya sai ya haura CCNP Collaboration, wadda ginshiƙinta jarrabawar 350-801 ce. Ta farko dala 300, ta biyu dala 400, takardar kuma shekara uku take yi a sabunta ta. Ka juya wannan zuwa naira da canjin yau. A gidan da ake jiran a sayar da shinkafar rani kafin a biya kuɗin makaranta, ba kuɗin zuwa gwada sa'a ba ne. Tsofaffin littattafan suna da amfani wajen tushe, amma manhajar da za ka bi ka sauke ta daga shafin Cisco.

Kayan da ake buƙata ba su da yawa: laftop na hannu mai RAM 8 GB, in da hali 16, da tsofaffin wayoyin Android guda biyu, ko da fuskarsu ta tsage, da ƙaramar rautar Wi-Fi. Da zarar ka sauke manhajojin, data ta gama aikinta, domin komai a cikin ɗakinka zai riƙa zagayawa. Laftop kuwa ƙaramar sola tana riƙe shi. Tsofaffin rautocin Cisco na gwanjo fankarsu ba ta shiru, suna shan wuta, ga zafin bazara da ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu. Wanda ya jibge su a ɗaki, janareta zai yi wa bauta.

Ka fara da Packet Tracer, wanda kyauta ne ga duk mai rajista da Cisco Networking Academy. Ka jawo rauta 2811 da suwic da wayoyi 7960 guda biyu. Ka ware wa murya VLAN nata daban da na kwamfutoci, ka sa DHCP ya ba wayoyin adireshi tare da zaɓi na 150, wanda shi ke nuna wa waya inda za ta karɓo saitinta, sannan ka ba kowacce lamba. Idan wayar ta ƙi kunnuwa, ba lalacewa ta yi ba: suwic 2960 na cikin manhajar ba ya ba da wuta ta igiya, sai ka saka mata cajarta ko ka ɗauko 3560. Nan za ka iya tsarin. Sai dai Packet Tracer zanen kira yake nuna maka, babu muryar da take tafiya, saboda haka kada ka tare a nan.

Inda karatun yake zama na gaske shi ne Asterisk, manhajar musayar kira da Mark Spencer ya fara a 1999, kyauta ce har gobe. Ka ɗora ta, ko FreePBX mai sauƙin sarrafawa, a cikin VirtualBox, ka tabbata katin sadarwarta ya hau Wi-Fi ɗin ɗakin kai tsaye, ba ta bayan NAT ba. Ka sa Linphone ko Zoiper a wayoyin nan biyu, ɗaya lamba 101, ɗaya 102. Ka miƙa wa ƙanwarka guda ta shiga tsakar gida, ka kira ta. Babu kati, babu data, ga murya tangaram.

Yanzu ka buɗe Wireshark, manhajar da ke nuna ƙunshin bayanan da ke bin layi, ka sake kiran. Abin da littafi ya yi shafi ashirin yana bayani zai bayyana a gabanka, gani ya kori ji. Kira ashe abu biyu ne. SIP, mai bin ƙofa ta 5060, kamar dillali yake a kasuwar Gujungu: shi ke haɗa mai saye da mai sayarwa, a yi ciniki, a sallama, amma ba shi ke ɗaukar buhun ba. Mai dakon muryar RTP ne, ta wasu ƙofofin daban, a Asterisk daga 10000 zuwa 20000, ƙunshi hamsin a kowace daƙiƙa. Wanda ya gane wannan ya gane ƙorafin da ya fi kowanne yawa a aikinmu: waya ta yi ƙara, an ɗaga, wancan yana jin ka, kai ba ka jin sa. Cinikin ya faɗa, hanyar kayan ce a toshe, kuma sau tari NAT ne ko katangar tsaro. Ka saba da lambobin amsa har ka daina duba littafi: 401 ana neman ka tabbatar da kanka, 404 babu lambar, 486 layin na kan kira.

Ga abin da ya sa na zauna rubutun nan. Mafi yawan masu gina ɗakin gwaji, da kira ya shiga sai su ɗauki hoto su sa a Facebook, an gama. Alhali ba wanda zai ɗauke ka aiki don wayar da ke aiki. Layin cikin ɗakinka lafiyayye ne, babu jinkiri, babu ɓatan ƙunshi. Layin da za ka tarar tsakanin Jahun da Harbo ko Aujara, balle da damina irin ta 2022 da ruwa ya yanke hanyoyi a kwarin kogin Haɗejiya, ba haka yake ba. Don haka ka lalata naka da gangan. A Linux akwai netem: ka ƙara jinkiri, ka zubar da ƙunshi kashi ɗaya cikin ɗari, sannan uku, sannan biyar, kana saurara. Ƙa'idar G.114 ta hukumar ITU ta ce jinkirin tafiya ɗaya kada ya wuce milisakan 150. Ka kai shi 400 ka ji yadda kai da ƙanwarka za ku riƙa cin karo a magana, kowa na cewa "ina jin ka". Daga ranar lambar nan ba hadda ba ce a wurinka.

Ka gwada tsarin sarrafa murya na G.711, wanda kira ɗaya ke cin kusan kilobit 87 a daƙiƙa a kan igiyar Ethernet, ka kwatanta lissafinsa da na G.729 mai cin kusan 31. Kira goma a lokaci guda a kan siririn layi, wanne za ka zaɓa, kuma me za ka rasa na tsabtar murya? Ka saki babban fayil yana sauka ana tsakiyar kira, ka ji muryar na karyewa, sannan ka yi wa ƙunshin murya alamar EF, wato DSCP 46, ka ba shi gaba a layi. Ka kuma sani alamar nan a cikin gidanka take da daraja, intanet na waje bai san da ita ba. In kana da abokin karatu, ka fita sallar la'asar ka bar shi ya ɓata abu ɗaya bai gaya maka ba.

Tsarin lambobi ma naka za ka rubuta. Misalan littafi na Amurka ne, da 911 ɗinsu. Namu lamba goma sha ɗaya ce mai farawa da 070, 080, 081, 090 ko 091, ta gaggawa 112, kuma tun farkon 2024 hukumar NCC ta ƙara 02 a gaban lambobin layin ƙasa, 01 ta Legas ta koma 0201. Ka rufe kiran ƙasashen waje sai ga wanda aka yarje wa. An taɓa kira na wani ofis da aka bar ƙofar 5060 a buɗe ga duniya, kalmar sirrin kowace waya kuma ita ce lambarta. Cikin dare ɗaya wasu daga waje suka cinye kuɗin kiran wata guda.

Kwaikwayo yana da iyaka. Jarrabawar 350-801 tana tambaya a kan Unified Communications Manager, manhajar musayar kira ta Cisco, mai nauyi ce, kuma da lasisi. Hanyar da ta fi ita ce DevNet Sandbox na Cisco, inda ake kama lokaci kyauta a shiga ta VPN, a nan kam sai da intanet mai tsayawa. GNS3 yana tafiyar da ainihin manhajar rauta, amma ba ya kwaikwayon katin FXO da FXS ko guntun DSP mai sarrafa murya. Don wannan kaɗai ya kamata a sayi ƙarfe, shi ma ku haɗa kuɗi ku huɗu ko biyar ku sayi rauta ɗaya. Jigawa ba baƙuwar harkar ba ce: cibiyar koyon fasahar sadarwa ta Kazaure tana nan tun zamanin Gwamna Saminu Turaki, ga Jami'ar Tarayya ta Dutse, ga Kwalejin Binyaminu Usman a Haɗejiya. Abokan haɗin kuɗi ba za su yi wuya ba.

Tambayoyin sata da ake sayarwa a Telegram kuwa, Cisco na iya soke takardar wanda aka kama da su. Wanda ya tsira ma, ranar neman aiki fayil ɗin Wireshark za a buɗe masa a ce ya nuna inda kiran ya mutu. Idan ka kai matsayin da za ka karanta fayil ɗin da wani ya ɗauka ka faɗi laifin, ka biya kuɗin jarrabawar. Tun 2020 ana iya zana jarrabawar daga gida, amma wuta ko intanet suka ɗauke ana tsaka da ita, ka shiga rigimar da ba ka shirya ba. Gara ka hau mota zuwa cibiyar Pearson VUE mafi kusa. Sunan da ka yi rajista da shi kuma ya dace da na katin shaidarka harafi da harafi. Idan kati ya ce Mohammed, kada ka rubuta Muhammad.