Yadda Ake Tattara Haske a Tsinin Allurar Zinariya

Gilashin madubin ƙara girma ba ya iya matse haske ƙasa da kusan rabin tsawon zangonsa, wato wajen nanomita 200 zuwa 250. Ernst Abbe ne ya fayyace wannan iyaka a 1873. Nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Don ganin abin da bai kai wannan girman ba, sai a sa ƙarfe ya yi aikin da gilashi ya kasa.

Da allura ake farawa. Ana tsoma siririyar wayar zinariya cikin asid ɗin haidirokulorik da aka gauraya da itanol, a sakar mata lantarki kaɗan. Asid yakan yi ta cin wayar daidai saman ruwan har ta sirance, ƙasanta ya yanke ya faɗi. A wannan daƙiƙar ake kashe wuta, in an yi jinkiri tsinin ya dakushe. Tsini mai kyau bai fi 'yan gomman nanomita ba, kuma ba kowace allura ke yin aiki ba. Da yawa zubarwa ake yi.

Daga nan a shimfiɗa abin da za a bincika a kan faranti mai sulɓi, galibi shi ma na zinariya, na'ura ta sauko da allurar har tazarar ta rage kamar nanomita ɗaya. Sai a haska tsinin da leza, sau da yawa ja mai zangon nanomita 633, a saita ta yadda kaɗawar hasken za ta bi tsawon allurar. Ilektron ɗin da ke yawo cikin zinariyar sukan ɗauki kaɗawar gaba ɗaya, kamar ruwa a ƙwarya idan an girgiza ta. Wannan kaɗawa ta taro ita ce fulasmon, kuma ita ke cusa ƙarfin hasken cikin ɗan ratar da ke tsakanin tsini da faranti.

Ribar tana nan. Cikin ƙwayoyin haske kusan miliyan 10 da suka watsu daga jikin sinadari, ɗaya ce kawai ke dawowa da launi da ya ɗan sauya, abin da C. V. Raman ya gano a 1928. Wannan sauyi shi ne shaidar sinadarin, amma raunanne ne ƙwarai. A ƙarƙashin tsini, idan kaɗawar haske ta ninka sau 10, alamar Raman takan ninka wajen sau 10,000.

Hasken da ya dawo ana tace shi a cire launin lezar, a rarraba sauran launi-launi, kyamara ta ɗauka. A matsa allurar gaba kaɗan a sake, ɗigo bayan ɗigo, har taswira ta fito. Akan kuma janye allurar a auna, don a debe hasken da ba na tsini ba. Lezar ba a cika mata ƙarfi, domin zafi na ƙona samfurin ya ɓata tsinin.

An fara nuna wannan dabara a 2000. A 2013 masu bincike a Hefei ta ƙasar Sin suka yi amfani da ita, cikin tsananin sanyi da wurin da aka zuƙe iska, suka bambance sassan ƙwayar sinadari guda ɗaya a ƙasa da nanomita ɗaya.