Bambancin Sifa Da Bayanau A Nahawun Turanci

Kowace shekara ɗalibai na Gashuwa da Nguru da ƙauyukan ƙasar Bade su kan zauna jarrabawar WAEC ko NECO, da fatan shiga Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, ko wata makaranta ta gaba. Ba a kuwa samun shiga jami'a sai an ci Turanci da kiredit. Cikin abubuwan da kan kayar da ɗalibi akwai rikita sifa da bayanau, watau abin da Turawa ke kira "adjective" da "adverb".

Sifa ita ce kalmar da ke bayyana suna. Bayanau kuwa aikatau ya ke bayyanawa, ko sifa, ko wani bayanau ɗan'uwansa. Idan an ce "a slow canoe", kalmar "slow" sifa ce, domin kwalekwalen ta ke sifantawa. Idan kuma an ce "the canoe moves slowly", to "slowly" bayanau ne, don kuwa tafiyar ya ke bayyanawa. Sai ɗalibi ya tambayi kansa: wane iri? Amsar sifa ce. Ta yaya, yaushe, ko a ina? Amsar bayanau ne.

A nan Turanci ya fi Hausa sauƙi ta wata fuska. Bahaushe ya kan ce sabon gida, sabuwar riga, sababbin gidaje, amma "new" ba ta sakewa, ko namiji ko mace ko jam'i.

An saba koya wa yara cewa duk kalmar da ta ƙare da "ly" bayanau ce. Wannan ƙa'ida gurguwa ce, kuma ta cuci mutane da yawa. Kalmomin "friendly" da "costly" da "lovely" duka sifa ne. "Fast" da "late" da "early" kuwa siga ɗaya gare su ko'ina: a kan ce "a fast train", a kuma ce "the train runs fast". Babu "fastly" a daidaitaccen Turanci.

Babban tarko shi ne "hard" da "hardly". Masuncin da ya kwana yana jan taru a Kogin Yobe, "he works hard", watau yana aiki tuƙuru. Amma "he hardly works" ma'anarsa da ƙyar ya ke taɓa aiki. Mai neman aiki da ya rubuta "hardly" a takardarsa don ya nuna ƙwazo ya kira kansa malalaci da hannunsa, kuma jami'in da ya karanta ba zai kira shi ya tambaye shi nufinsa ba. Haka nan "lately" ba a makare ba ne, kwanan nan ke nan.

A lura kuma da "good" da "well". Na farko sifa ne, na biyu galibi bayanau: "a good farmer", amma "he farms well". Sai dai akwai aikatau kamar "smell" da "taste" da "seem" waɗanda sifa ke biye da su, domin abin da kansa a ke sifantawa. Saboda haka mai sayen banda a kasuwar Gashuwa zai ce "the fish smells good", ba "smells well" ba.