Yadda Ake Sa Zomo Ya Ba da Shaida a Kan Furotin

Wanda ya fito daga Babban Masallacin Treichville a birnin Abidjan ya nufi asibitin koyarwa na unguwar, inda akan kwantar da masu ciwon sarƙe-haƙora, zai ga mutum ya sandare, muƙamuƙi ya kafe, alhali asalin musibar wani furotin ne ƙanƙane a bakin jijiya, mai suna sinaftobirebin, wanda aikinsa shi ne manna 'yan jakunkunan saƙo a bangon ƙwayar halitta domin su juye abin da suka ɗauko. A 1992 ne Cesare Montecucco da abokan aikinsa a Padua ta Italiya suka tabbatar cewa dafin cutar datse shi yake yi.

Da yake ido ba ya riskar furotin irin wannan, sai masana su nemi mai shaida, wato antibodi. Da farko a haɗa guntun furotin ɗin, a ɗaura shi a kan wani babban furotin domin jiki ya kula da shi, a yi wa zomo allurarsa ƙarƙashin fata. Bayan 'yan makonni a maimaita, a kuma maimaita, har jinin dabbar, wanda ya ɗauki baƙon a matsayin abokin gaba, ya cika da antibodin da ba ya kama kowa sai shi. Sa'an nan a ɗebi jinin daga jijiyar kunne, a bar shi ya daskare, a tsiyaye ruwan nan mai launin rawaya, a tace.

Sai dai shaida ba ta karɓuwa gaban alƙali sai da tazkiya, kuma a ganina nan ne masu gaggawa suke tuntuɓe. Akan jera furotin ɗin ƙwayar bisa nauyinsu, a kwafe su a kan wata takarda, a zuba antibodin. In layi ɗaya ya fito a inda ake zato, madalla, in kuwa ya sake fitowa a ƙwayar da aka cire wa furotin ɗin da gangan, to shaidar zur ce, aikin watanni ya tafi a banza.

Antibodin da ya tsallake wannan jarrabawa akan liƙa masa rini mai ƙyalli, bisa hanyar da Albert Coons ya buɗe a 1941, a ɗiga a kan jijiyar, a kashe fitilar ɗaki, a leƙa madubin ƙara girma: ga korayen ɗigo-ɗigo sun yi cincirindo a bakin jijiyar, daidai inda jakunkunan suke jiran umarni.