Filin Gwaggo: Dutse Ba Ya Gudu, Ɗana

Gwaggo, ni mai hoto ne a Njamena, da hoton biki da suna nake ci. Shekara biyu ina zuba adashi don in je Ennedi in ɗauki duwatsun nan da iska ta sassaƙe. Niyyata in sauka a Fada, in nausa da ƙafa ni kaɗai, don kuɗin ɗan jagora ya fi ƙarfina. Innata ta ce ba da yawunta ba. Ina tunanin in ce mata Abeche za ni aikin biki. Me kika gani?

Ɗanki mai kyamara

Kai ɗana, Allah ya shirya ka! Wato ka zo Gwaggo ta taya ka ɗaure ƙarya? Ba da ni ba. In ka ce Abeche, ka ɓata a Ennedi, a ina za a fara cigiyarka? Ƙaryar nan ita za ta rufe sawunka tun kafin rairayi ya rufe shi.

Ban ga laifin sha'awarka ba. Wurin ya isa a yi masa adashi, ba banza UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2016 ba. Akwai dutsen Aloba, mai siffar bakan gizo, tsayinsa wajen mita 120. Akwai ruwan Arshe a cikin kwazazzabo, inda raƙuma ke sha kusa da 'yan kadojin da suka yi saura a tsakiyar Sahara. Duwatsun kansu yashi ne da ya dunƙule tun zamanin zamunna, ruwa da iska suka yi ta sassaƙarsa.

To, a nan gizo ke saƙa. Dutsen yashi yana da gautsi. Ka hau neman kusurwa mai kyau, ya marmashe a ƙarƙashin takalminka, wa zai ji ihunka? Waya ba ta kamawa, duwatsu kuma sai ka rantse uwarsu ɗaya. Ga nakiyoyin da yaƙin Chadi da Libiya ya bari a arewa, yaƙin da aka gwabza har cikin Fada a 1987. 'Yan ƙasa ne suka san inda ake taka ƙafa. Kuɗin jagora da kake ƙyashi, kuɗin ranka ne.

Ga abin da za ka yi. Ƙara adashi zagaye ɗaya. Nemi abokan tafiya ku haɗa kuɗin mota da jagora. Ku tafi da sanyi, tsakanin Nuwamba da Fabrairu, kuma kada ka manta bargo, daren hamada ba ya wasa. Ruwa ya fi kayan hoto nauyi a jakarka. Ku sanar da hukuma hanyarku da ranar dawowa.

Aikin kuma ka fi ni sani, amma bari in yi karambani. Da sanyin safiya da bayan la'asar ne dutsen ke yin ja kamar lalle, inuwa ta fito da kowane lungu. Da tsakar rana kwanta abinka. Kada ka sauya gilashin kyamara iska na kaɗawa, yashi ba ya sallama. Ka tsai da mutum ko raƙumi a gindin dutse don a gane girmansa, amma sai ka nemi izini. Zanen shanun da ke jikin kogunan ya yi dubban shekaru, kada ka taɓa, kada ka jiƙa don launi ya fito.

Sannan ka samu Inna ka durƙusa. Ba duwatsu take ƙi ba, gawa take tsoro. Faɗa mata da wa za ka, da yaushe za ka dawo.

Ku kuma iyaye, duk mun taɓa riƙe ƙafar ɗa don fargaba. In yaro ya zo da shiri, a sa masa albarka, kada mu koya masa fita ta bayan gida.

Dutsen nan ya daɗe yana jira, ɗana, shekara ɗaya ba za ta gajiyar da shi ba. In ka dawo, hoton farko a wanke shi babba, a rataya a ɗakin Inna. Na biyu kuwa, ka san mai shi.

Taku, Gwaggo